Amyar korar giwa: abin da katakon Legas ya koya mana

Na ajiye aikin sa-kai na kewaye gonaki da amyoyin ƙudan zuma don korar giwa, wanda mu kafintoci da masu walda na Agege da Idi-Araba muke yi wa wasu ƙauyuka na gefen dajin Yankari, a jihar Bauchi. Masu shigowa bayanmu sun san tsarin, tunda ba sabo ba ne: a Kenya Dakta Lucy King ta gwada shi. Giwa na gudun ƙudan zuma saboda harbin ido da cikin hanci. A kewaye gona da amya, kowace a rataye tsakanin dirkoki biyu daidai ƙirjin giwa, tazarar mita 10, waya ɗaya ta haɗa su. Giwa ta tunkuɗi wayar da dare, amya ta girgiza, ƙudan su fito. Manomi ya tsira da dawarsa, giwa ta tsira daga guba da harsashi.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: amyar da ba ƙuda a cikinta akwati ce kawai.

Wanda aka ɗora a kanmu mutumin ofis ne, kuma ya dage sai an ƙera amyoyin a nan Legas, domin masu ba da tallafi su zo su gan su a jere, a ɗauki hoto. Dattawan kafintoci sun ce masa, ranka ya daɗe, katakon nan ɗanye ne, bai saurara ba. Katakon da aka yanka a Legas cike yake da danshi ko da ya yi kama da busasshe. Ka kai shi Bauchi ya haɗu da hunturu, sai ya tsuke, ya kantare, ya tsage daga bakin ƙusa. A ƙofa ko benci wannan ƙaramin aibi ne. A amya kuwa shi ne mutuwar aikin, domin sandunan da ake jerawa a samanta faɗin kowace milimita 32 ne, iyakar abin da ƙudan zumar ƙasarmu ke buƙata su gina saƙa ɗaya a sanda ɗaya. In suka tsuke, tsaga ta buɗe tsakaninsu, haske da iska da tururuwa su shiga. Ƙudan ko dai su ƙi zama, ko su gina saƙar a gicciye ta haɗe sanduna uku, ranar ɗibar zuma sai an farfasa.

Mutumin ofishin ya kuma sa a shafe katakon ciki da waje da maganin gara, a bi da fentin mai. Warin nan kaɗai ya isa ya kori ƙuda wata da watanni. Damina ta zo amyoyi wayam, giwaye suka ratsa ta tsakaninsu, manoman da suka amince mana suka rasa amfanin shekara. Rahoton da ya tura sama ya ɗora laifin a kan rashin ƙwarewar 'yan sa-kai, mutanen da suka rufe shagunansu suka biya kuɗin mota daga aljihunsu. Har yau abin yana ci mini rai.

Don haka kayan aiki ake ɗauka daga Legas, ba amya ba: zarto, ma'auni, da sanda ɗaya ta ƙarfe da mai walda ya yanka daidai milimita 32 a riƙa gwadawa. Katako a saya a can, mai kaurin inci ɗaya, a jera shi a inuwa da 'yan tsinkaye tsakani har ya bushe, sannan a yanka. Fenti a waje kawai, fari, saboda zafi. Ciki a goga kakin zuma, a ɗiga narkakke a tsakiyar kowace sanda, nan ƙudan za su fara gini. Kafintan ƙauyen ya tsaya a kan aikin tun daga yankan farko, tunda shi za a kira ranar da wani abu ya karye, ba mu ba.

Sauran darussan gajeru ne. Dirka ta dashi ta fi ta ƙarfe arha, kuma tana kamawa ta yi saiwa, gara ba ta damunta. Wayar da ke haɗa amyoyi a maƙala ta da ƙugiya mai iya kuɓucewa, don kada giwa ta ja layin gaba ɗaya ƙasa. A shafa giris a wayar rataya saboda tururuwa, a naɗe dirka da kwano saboda dage. Rufin ciyawa a kan kowace amya. Da rani a ajiye ruwa a kasko da tsakuwa a ciki, in ba haka ba ƙudan su ƙaura.

Zumar kuma ta mai gonar ce, a faɗi haka a gaban mai gari kafin a kafa dirkar farko.