Duniya na zubarwa, yaranmu na tsincewa

A watan Agustan 2025 wakilan ƙasashe sama da 180 suka taru a Jeniva wai za su ƙulla yarjejeniyar da za ta taka wa sharar roba da leda birki a duniya, aka kwashe kwana da kwanaki ana ja-in-ja har cikin dare, ƙarshe aka tashi baram-baram kowa ya ɗau jakarsa ya nufi filin jirgi. Kuma ba shi ne karon farko ba, haka aka yi a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024. Tun Maris ɗin 2022 aka faro maganar a Nairobi, inda ƙasashe 175 suka ce sun yarda a yi doka guda da za ta hau kan kowa. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne ƙasashe da yawa na cewa a rage robar da ake ƙerawa tun daga masana'anta, su kuma masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran, Amurka ma ta bi bayansu, suka ce sam, a bar ƙira yadda take, a dai gyara harkar kwashe shara da sake sarrafa ta. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne, roba daga ɗanyen mai da gas ake yin ta, wanda ke sayar da mai kuwa ba zai so a rage masa kasuwa ba.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, muna nan Agege muna fama da kuɗin haya da kuɗin danfo. Da ruwanmu fa. Wannan sake sarrafawar da suke ta maimaitawa cikin kwat da taye, a Legas na san masu yin ta, kuma wallahi mafi yawansu yaranmu ne. 'Yan jari bola. Su ne masu tura kura lungu-lungu suna kiran ayon kwandem, su ne kan tsaunin sharar Olusosun da ke Ojota da buhu a baya da ƙugiyar ƙarfe a hannu, yaro daga Katsina ko Jigawa ko Zamfara, wani ma daga Nijar, wanda gona ta ƙi ko 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonar.

Ana ƙera roba fiye da tan miliyan 400 duk shekara a duniya, abin da ake sake sarrafawa a cikin sharar bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Legas kaɗai hukumar kwashe shara ta LAWMA ta ce garin na fitar da shara kusan tan 13,000 kullum. To ga abin da na ga mutane ba sa lura da shi, kuma shi ya sa nake ganin masu cewa a rage ƙira su ne da gaskiya. Ɗan bola ba aikin Allah da Annabi yake ba, abin da ke da mai saye shi yake ɗauka. Gorar ruwa da ta lemo tana da kuɗi, a tara ta, a cire murfi, a ware fara daban mai kala daban, a taka ta a danƙara a buhu, a ɗora a sikeli dila ya biya kilo-kilo, shi kuma ya kai wa masu injin niƙa su mai da ita ɓarɓashi, daga nan sai kamfani, wata ta koma zaren yadi wata a fita da ita waje. Gwangwanin alminiyon da jan ƙarfe kam ba sa kwana a ƙasa. Amma ledar biskit da ta sabulun gari da farin kwanon tekawe ɗin nan, babu wanda zai ba ka ko sisi a kansu, don haka babu mai sunkuyawa ya ɗauka. Ka leƙa kwata a Mushin ko Idi-Araba bayan an yi ruwa, duk abin da ka gani ya toshe ta, abin da ba shi da farashi ne. Ko an ninka 'yan bola sau goma wannan ba zai kwasu ba, sai dai a daina yin sa.

Akwai ma wani abin haushin. In farashin ɗanyen mai ya faɗi sabuwar roba na yin araha, kamfani ya ga ba dalilin sayen tsohuwa, sai kilo ya karye a hannun dila, yaron da ke Ojota ya wuni a rana ya tashi da abin da bai kai na jiya ba, bai san daga ina aka buge shi ba.

Gwamnatin Legas dai ta yi nata. A Janairun 2024 kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya sanar da haramta tekawe na soso, daga 1 ga Yulin 2025 kuma aka ce an fara kama masu sayar da tsinken shan lemo da kofi da cokalin roba da leda shara-shara. Masu abinci sun yi kuka, matanmu masu tuwo da masa a Mile 12 suna cewa robar da ta maye gurbinsa ta fi tsada kuma kan mai saye abin zai ƙare, gaskiya suka faɗa, amma ni dai ina tare da dokar. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, ba su mutu ba. Abin da aka ƙyale a Legas shi ne ledar fiya wata da gora, kuma ban ga laifinsu ba, a garin da famfon gwamnati bai kai gidajen yawancin mutane ba ka hana fiya wata ka ce su sha me?

Wannan duk sharar da muka yi da hannunmu ce. Akwai wadda ake kawo mana. Manyanmu za su tuna da Koko, a 1988 aka yi lodin gangunan guba daga Italiya aka jibge a wani fili a wannan ƙaramin garin na tsohuwar jihar Bendel, Delta a yanzu, lokacin Babangida, sai da aka yi rigima sosai kafin aka kwashe. Irin wannan ne ya haifar da yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991 don hana masu kuɗi mai da talakawa juji. Amurka har yau ba ta tabbatar da ta Basel ba. Da Chaina ta rufe ƙofa a 2018 ta ce ta daina karɓar sharar robar Turawa, ba daina zubarwa suka yi ba, Maleshiya da Indonesiya da Turkiyya suka koma.

Mu namu rabon kayan wuta ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kwata ba. Kwantena ta sauka a tashar jirgin ruwan Apapa ko Tin Can an rubuta kayan tokunbo, wato na hannu, wasu ma cikin motocin hannu ake cusa su, talabijin da firij da kwamfuta, a kai kasuwar Alaba. Ba na zagin tokunbo fa, wayata ma ta hannu ce daga Computer Village, ba don ita ba da yawanmu ba za mu riƙe waya ba. Matsalar ita ce waɗanda suka zo a mace, mai gyara ya cire abin da zai cire, gawar ta faɗo hannun yaranmu. Su tara waya su cinna mata wuta da tsohuwar taya don robar ta narke jan ƙarfen ya fito, baƙin hayaƙi ya turnuƙe suna tsaye a kai babu ko ƙyalle a hanci, wasu su fasa batirin mota da guduma su zubar da ruwan a ƙasa su ɗau dalma. Na taɓa yi wa wani magana na ce ƙanina wannan hayaƙin fa, ya yi dariya ya ce Yallaɓai ai in na tashi ina shan madara tana wankewa. Madara ba ta wanke huhu, dalma kuwa in ta shiga jini ƙwaƙwalwa take taɓawa, balle ga yara ƙanana. A Accra ma haka jujin kayan wuta na Agbogbloshie ya kasance, yawanci 'yan arewacin Ghana, har gwamnati ta sa katafila ta rushe wurin a 2021, sana'ar ba ta mutu ba, watsuwa kawai ta yi cikin unguwanni.

Sai maganar sata, wadda ba zan kauce mata ba. Eh akwai ɓata-gari, akwai masu cire murfin kwata a titi da masu yanke wayar wuta, kuma sun ja wa kowa baƙin jini, duk Bahaushen da aka gani da buhu ɓarawo ne a idon wasu. Abuja ta hana baban bola yawo cikin gari a Janairun 2025, nan Legas ma masu kura haramtattu ne a doka. Amma murfin kwata ba a aljihu ake sa shi ba, akwai mai sikeli da ya auna, akwai mai tirela da ya ɗauka, akwai kamfanin da ya narka. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasu ƙasashen wata hanya suka bi. Brazil ta sa tsintar shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani tun 2002, birnin Bogota na Kolombiya ya fara biyan masu tsinta kuɗi a 2013 bayan sun kai ƙara kotu sun yi nasara, a Pune ta Indiya ƙungiyarsu ce ke bi gida-gida da izinin hukumar gari. Hatta takardar Nairobi ta 2022 ta ambaci gudunmawarsu. Duk inda aka ci wannan nasarar sai da suka haɗa kai tukuna, mu kuwa kowa da ubangidansa.

Shi ya sa nake ganin ba sai mun jira Turawa sun gama gardama ba. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, muna da kwamitocin masallatai, me zai hana a yi wa yaran nan rajista da katin shaida, wanda ya yi sata a san wa za a tambaya, wanda aka kama bai ji ba bai gani ba a samu mai zuwa belinsa. Manyan dilolin da suka yi gidaje a Kano da Kaduna da kuɗin bola, wasunsu duk azumi suna Umra, Allah ya karɓa, amma safar hannu da takalmin ruwa da allurar tetanus na yara hamsin ɗin da ke kawo musu kaya ba su kai kuɗin tikiti ɗaya ba.