Wai, Dai da Ashe: Inda Gwanintar Tafinta Take

Ofishinmu ƙarami ne, kuma ayyukanmu uku ne: tafinta a wurin taro, rubuta maganar da aka ɗauka a rikoda, da sanya fassara a ƙasan bidiyo. Duk wanda ya kawo mana aiki a karon farko yakan fara da tambayar ko mun san manyan kalmomin fanninsa, na likitanci ko na shari'a ko na kasuwanci. Nakan ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin babbar kalma tana cikin ƙamus, wanda bai san ta ba yau zai iya nemo ta kafin gari ya waye. Abin da ya ci mini shekaru ina koyo, wanda kuma nake tinƙaho da shi a gaban kowane mai wannan sana'a, shi ne ƙananan kalmomin nan da ba a ko lura da su a cikin zance, irin su dai, fa, kam, kuwa, ma, ai, mana, wai, ashe da to. Wasu na kiran su gishirin Hausa, kuma masanin harshe Paul Newman ya ware wa biyar na farkon nan bayani na musamman a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000.

A ɗauki jimla mai sauƙi kamar "Zan zo." Idan mutum ya ce "Zan dai zo," ya nuna zuwan ba da son ransa ba ne, ko kuwa kada a sa ran wani abu daga gare shi bayan zuwan. "Zan zo fa" gargaɗi ne, wato a shirya. Mai cewa "Ai zan zo" yana tuna maka abin da ya kamata a ce ka riga ka sani, har da ɗan ƙorafi a ciki, shi kuwa mai cewa "Ni kam zan zo" ya ware kansa ne daga wasu da yake zaton ba za su zo ba. Labarin bai sauya ba, mutum ɗaya ne zai zo, amma abin da ke tsakaninsa da mai saurarensa ya sauya sau huɗu. Tafintan da ya mayar da huɗun nan jimla ɗaya ya isar da rabin saƙo, ya zubar da rabi a hanya.

A hannun wani dattijo na koyi aikin, a lokacin da ake ɗaukar magana a kaset. Wata rana ya ba ni hirar wani mutum da ake tambaya game da bashi, ya ce in rubuta sannan in juya ta zuwa Turanci. Na kwana ina yi, da safe na kawo masa takardun a tsabtace. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da bakin biro har ya tsaya a wuri ɗaya, sai ya jawo rikoda ya mayar da kaset ɗin baya, ya ce, "Yarona, saurara." Mutumin cewa ya yi, "Wai ya biya." Ni kuwa na rubuta "Ya biya," na fassara haka. Na ce, "Malam, ai kalma ɗaya ce kawai." Ya sake mayar da kaset ɗin har sau uku bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko mutumin nan ya ga an biya da idonsa. Na ce a'a, ji ya yi. Ya ce to me ya sa na mai da shi shaida, alhali shi da bakinsa ya nisanta kansa daga maganar. Tun daga ranar ban ƙara tsallake wai ba, kuma da wannan jimlar nake fara gwada duk wanda ya zo neman aiki wurinmu.

Da na fara hulɗa da tafintocin wasu harsuna sai na gane kowane harshe yana da nasa, sai dai ba a wuri ɗaya suke ajiye su ba. Baturke ba ya buƙatar kalma ta daban, yana liƙa ɗafin miş a ƙarshen aikatau, kuma ɗafin nan ɗaya yana iya yin aikin wai, yana iya yin aikin ashe. Masu Swahili suna da kumbe, wanda ya yi kusa ƙwarai da ashe ɗinmu. Balarabe yana cika zancensa da ya'ani kamar yadda muke yi da wato, wani lokacin don bayani, wani lokacin don ya sami sararin tunani. Bajamushe yana sa kalmar "ja" a tsakiyar jimla don ya nuna abin sananne ne a tsakaninku, aikin da ai ke yi mana, yana kuma sa mal don ya sassauta umarni, kamar mu ce "ɗan miƙo mini." A Japananci kalmar "ne" na neman ka yarda da mai magana, "yo" kuma na sanar da kai abin da yake ganin ba ka sani ba. Turanci ya fi jingina da karin murya da irin su well da you know, waɗanda Deborah Schiffrin ta yi wa littafi guda a 1987. Ko kalmomin da suka yi kama ba sa hawa kan juna daidai, shi ya sa ba na yarda ma'aikacina ya haddace cewa kaza daidai take da kaza. Abin da nake so ya tambayi kansa shi ne me mai maganar yake yi wa abokin zancensa a wannan gaɓar: lallashi yake yi, ko gargaɗi, ko janye jiki, ko neman goyon baya. Idan ya gano wannan, sai ya nemo abin da ɗaya harshen ke yin wannan aikin da shi, ko da kuwa kalma biyar ce a madadin ɗaya, ko sauya tsarin jimlar ne gaba ɗaya.

A nan ne masu kwaikwayon sana'armu suke ɓata mana suna. Mutum zai zuba rikoda a manhaja, ya kwashe abin da ta fitar, ya ɗan goge nan da can, ya miƙa wa mai aiki da araha, a ce an yi fassara. Rubutun yakan fito sumul, amma duk dai da kam sun ɓace, ko kuma an juya su a zahirinsu sun zama shirme. Daga baya a kawo mana gyara, gyaran kuwa ya fi sabon aiki wahala, domin dole mu koma mu saurari komai tun daga farko.

Wuri mafi haɗari da na sani shi ne amsar tambayar korewa. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka sa hannu ba?" ya ce "E," yana nufin e, bai sa ba, domin maganarka yake gaskatawa. Bajapane ma haka yake amsawa. Mai Turanci kuwa a wannan matsayin no zai ce. Bafaranshe yana da kalma ta musamman, si, Bajamushe yana da doch, don ƙaryata irin wannan tambayar. Tafintan da ya ji "E" ya ce yes ya juya maganar mutum kanta ƙasa, a gaban likita ko alƙali kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar ofishinmu ita ce ba a fassara irin wannan amsar da kalma ɗaya, sai an cika jimlar, a ce "Bai sa hannu ba."

Kalmar to ma tana da nata tarkon. Na taɓa yin tafinta tsakanin 'yan kasuwa biyu, baƙon yana zayyana sharuɗɗa, namu yana ta cewa "To... to... to." Na ga fuskar baƙon tana washewa, ya ɗauka an amince da kowane sharaɗi, har ya fara jawo takarda daga jakarsa. Na nemi izini na tsayar da su, na ce wa namu, "Alhaji, wannan to ɗin na amincewa ne ko na saurare?" Ya ce, "Ina dai ji ne tukuna." Na isar wa baƙon hakan, aka dawo kan sharaɗi na biyu, wanda ashe shi ne bai kwanta wa Alhajin ba tun farko. Japanawa suna da suna ga irin wannan amshin na mai saurare, aizuchi, kuma hai ɗinsu sau da yawa "ina jin ka" yake nufi kawai.

Ko shiru muna rubuta shi. A 2009 mai binciken harshe Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10, suka tarar a matsakaici ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Japanawa ne suka fi sauri, mutanen Denmak suka fi jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, kuma a dukkan harsunan amsar amincewa ta fi ta ƙi saurin fitowa. Wannan ya yi daidai da abin da kunnena ya daɗe da sani, cewa wanda ya yi jim kafin ya ce "To, ba komai," akwai komai. Don haka idan hira ce ta bincike ko ta shari'a, mukan sa alama a inda aka yi jim da inda aka katse wa mutum magana.

Masu kawo aiki ma ba sa barin mu mu huta. Wani zai ce a cire masa "tarkacen" don shafuka su ragu, ladan aikin ma ya ragu. Nakan zauna da shi in karanta masa sakin layi ɗaya sau biyu, da su da kuma babu su, in bar shi ya zaɓa. Akasari kafin in kai ƙarshen karatu na biyu ya ce a bar su. Ba kullum ba ne muke riƙe kowace ɗaya, domin akwai wato da ta zama sabon baki kawai, akwai kuma wadda ke ɗauke da gyaran abin da aka faɗa, kuma rarrabe su aikin kunne ne da ya ƙware. A fassarar ƙasan bidiyo abin ya fi matsi, tunda layi biyu ne kawai, kuma irin su Netflix ba sa yarda layi ya wuce haruffa 42. Masu gaggawa ƙananan kalmomin nan suke fara yankewa. Mu kuwa mun gwammace mu rage sifa ko mu taƙaita suna mu bar ashe a wurinta, idan a kanta ne mai kallo zai gane cewa yanzu gaskiya ta bayyana ga mai maganar.

Shi ya sa kowane aiki kan bi ta hannun mutum biyu kafin ya fita daga ofishinmu. Na farko ya rubuta ya fassara. Na biyu ya sa abin saurare a kunne, ya riƙe jan biro, ya bi rikodar daga farko har ƙarshe, ba ruwansa da manyan kalmomi. Duk inda ya ji dai ko fa ko wai sai ya tsayar da rikodar, ya duba takarda ya ga inda aka kai ta a ɗaya harshen, idan bai same ta ba ya ja layi ya mayar wa na farko.