Kalmomin Da Ke Bayan Ƙwayar Magani

Na daɗe ina ganin ya kamata mu fahimci kalmomin masu haɗa magani. Sinadarin da ke warkarwa sau da yawa kaɗan ne a cikin ƙwaya, ragowar kuwa mataimaka ne irin su sitati, waɗanda ke riƙe garin idan inji ya matse shi. Kafso kwanso ne, galibi na jelatin, da ake ɗura wa gari. Kalmar da ta fi damuna ita ce "rufi", wato shafin da ake yi wa bayan ƙwaya, domin akwai wanda aka yi don kada ƙwayar ta narke sai ta isa hanji, shi ya sa ba a tauna ta. A jikin katin maganin kuma ana buga lambar zubi, wato lambar rukunin da aka haɗa a lokaci guda, wadda da ita ake janye magani idan an gano matsala.