Talata, da zoben Alhaji mai tafiya a baibai

Yau na tashi da niyyar in miƙa aikin Alhaji in huta. Mako uku ke nan ina kansa, kun sha jin ƙorafina: shafin nan da zai riƙa ƙirga wa masu Umrarsa zagayen ɗawafi a waya. Mutum ya gama zagaye ɗaya ya taɓa allo, koren zobe ya ɗan cika, har bakwai. Jiya da daddare na gwada shi a kwamfuta, na gwada a wayata, na gwada a tsohuwar wayar Abban Ummi mai fasasshen gilashi. Ko'ina lafiya lau. Na tura, na kwanta ina jin kaina.

Babu wuta tun asuba. Ummi ta ƙi koko, wai ƙosan ya huce. Mai ruwa bai leƙo ba.

Tara da 'yan mintoci sai ga saƙon murya. Alhaji ba ya rubutu, kun sani. Ya gaishe ni, ya tambayi mai gida, ya tambayi takwarar matarsa, sannan ya zo kan magana:

"'Yata, abu ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai dai fa zoben nan naki a baibai yake tafiya. Ɗaki ai a kafaɗar hagu ake barinsa. Naki ya ba shi dama. In wata tsohuwa ta kalli wannan ta ce za ta bi, mun shiga uku."

Ya ƙare da dariya. Ni ban yi ba.

Gaskiya tsaki na fara ja. Duk zoben da ke nuna cikar abu a waya, na caji ne, na sauke hoto ne, hannun agogo yake bi. Haka kowa ya saba gani. Kuma wace tsohuwa ce za ta shiga cikin dubban mutane ta juya ita kaɗai don waya ta ce? Taron ma ba zai bar ta ba. Na rubuta masa wannan duka, da ladabi, har da "Alhaji a fannin namu haka ake yi". Na karanta sau biyu. Na goge. Na rubuta "To Alhaji, in sha Allahu yanzu zan gyara." Da na tura sai na ji kunyar abin da na goge, ko da yake ba wanda ya gani sai ni.

Na ce minti biyar ya ishe ni. Sai azahar.

Ga waɗanda ba su taɓa yi ba, zoben nan dabara ce kawai. Da'ira ce ta SVG, wato zanen da ake rubutawa da lambobi a shafin intanet, tawa daga cibiya zuwa baki 45, kewayenta ya kama 282.7. Sai ka mai da layin da'irar ɗigo-ɗigo, amma ɗigo ɗaya tak mai tsawon kewayen gaba ɗaya, ka ture shi baya da stroke-dashoffset har ya ɓace. Duk zagaye ɗaya ka saki 40.4, kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. Ido ya ga kamar ana zuba kore a zobe, alhali layi ne ake jawowa. Ita da'irar kuwa da kanta daga wajen ƙarfe uku take fara zanuwa, ta gangara ƙasa kamar agogo. Shi ya sa kowa ke murɗa ta digiri 90 baya don ta fara daga ka. Ni ma haka na yi, hannuna ne ya rubuta, kaina bai ma sani ba.

Na fara da na malalata: animation-direction, na sa reverse. Zobe ya fito a cike taf, ya fara tsiyayewa kamar randa mai yoyo. Bakinsa dai hagu ya nufa, amma raguwa yake yi. Ashe lokaci na juya, hanya tana nan yadda take. Mai ɗawafi ya fara da bakwai ya ƙare da babu.

Na biyu, na kifa hoton gaba ɗaya da scaleX(-1), kamar an nuna shi a madubi. Hanya ta yi daidai! Har na ɗaga waya zan ɗauki bidiyo in tura, sai idona ya faɗa kan lambar da ke tsakiya. Ita ma ta kife. Uku ta koma kamar ainun na allo, bakwai ta juya mini ƙeya. Ummi ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Mami kin rubuta ba daidai ba, Anti za ta dake ki."

Na uku, na ce to da'irar kaɗai zan kifa, in bar lamba. Zobe ya ɓace ɓat. Farin fili da lamba a tsakiya, shi ke nan. Na daɗe ina kallon allo kafin in tuna cewa abin da ke cikin SVG ba a cibiyarsa yake juyawa ba sai ka faɗa masa, a kusurwar sama ta hagu yake kafa ƙafa. Murɗawar farko na rubuta ta da cibiyarta a jikin da'irar, da na koma CSS, inda ake rubuta adon shafi, sabon umarni ya danne tsohon, cibiya ta tafi. Na sa transform-origin a tsakiya, na sake rubuta murɗawar a CSS, zobe ya dawo. Ya dawo yana farawa daga ƙasa, wajen ƙarfe shida. Nan na tashi na ɗora ruwan shinkafa, don in ban tashi ba kwamfutar za ta sha mari.

Batir saura 31.

Da na dawo na rufe ta, na yagi takarda daga littafin Ummi na zana. Na gane kuskuren: burauza daga umarnin dama take farawa, ta kifa tukuna sannan ta murɗa, don haka farkon ya tsallaka ƙarfe tara ya gangara shida. Da na mai da 90 ɗin ta gaba maimakon baya, da an gama. Amma tunda alƙalami na hannuna sai na zana Ɗakin a tsakiyar da'irar, don in tabbatar wa kaina da maganar kafaɗa. Kusurwa huɗu. Hajarul Aswad a gabas, Rukunul Iraƙi a arewa, Shami a yamma, Yamani a kudu. Daga Dutsen ake farawa, a wuce ƙofa, a zagaya ta bayan Hijru Isma'il, a zo Yamani, a dawo Dutsen. A takarda in arewa na sama, gabas tana hannun dama. Wajen ƙarfe uku.

Na ajiye alƙalami. Inda da'irar take farawa da kanta tun asali, inda na murɗe ta na kawar mako uku da suka wuce, nan ne gurbin Dutsen. Na buɗe kwamfuta, na share murɗawar gaba ɗaya, na bar scaleY(-1) kaɗai. Layi ɗaya. Kore ya tashi daga dama, ya hau sama, ya karkata hagu, ya gangaro, ya dawo inda ya fito.

Ya kamata in yi murna. Na taɓa allon sau bakwai, zobe ya cika, na sake daga farko, na sake. A karo na uku ne jikina ya yi sanyi, don na san wannan tafiyar. Na taɓa zama na kalle ta kullum bayan la'asar, wata biyu cur.

Baba ne da turmi.

A 2020 ya biya kuɗin kujera, bayan shekarun da ku da kuka daɗe a nan kun san yadda aka tara su. Sai korona, sai kulle. Ba masallaci, ba kasuwa, ba majalisar ƙofar gida. Shi kuwa ya ce kafin Zulhajji an buɗe, don haka bita ba fashi. Ya sa a mirgino masa turmin Umma tsakiyar gida. Ya ajiye buta a gefe ɗaya, ita ce saitin Dutse. Ya yafa tawul ya fito da kafaɗar dama, ta hagu tana wajen turmi. In ya zo saitin buta ya ɗaga hannu, "Bismillahi Allahu Akbar", ya wuce. Zagaye ukun farko har da ɗan sassarfa, tsoho da ciwon gwiwa, kaji na watsewa. Ƙwallayen dabino bakwai yake riƙewa a hannun dama, duk zagaye ya mayar da ɗaya hagu. Wani lokaci addu'a ta ɗauke masa hankali ya manta bai mayar ba, sai ya tsaya ya waiwayo inda nake zaune da kwamfuta a cinya:

"Ke 'yar boko, nawa na yi?"

"Baba ban ƙirga ba."

"To amfanin na'urar taki fa?"

Mu yi ta dariya, Auta har da faɗuwa. Umma daga kicin tana cewa a bar mata turminta za ta daka yaji. A watan Yuni Saudiyya ta sanar ba mai shigowa daga waje. Bai ce komai ba, ya ce Allah ya kai mu baɗi. Baɗi ma haka aka yi. Da aka buɗe a 2022 Baba ya riga ya koma ga Mahaliccinsa. Ƙwallayen nan bakwai a aljihun farar rigarsa Umma ta same su.

Abin da ya tsaya mini a rai tun azahar shi ne wannan: na gina abin da Baba ya tambaye ni da bakinsa, na yi mako uku ina kallon zoben yana zagayawa, ya fi sau ɗari biyar in an ƙirga, ko sau ɗaya bai faɗo mini ba. Ina ta fama da wane kore ya fi kyau, ko lambar ta yi ƙanƙanta ga idon tsofaffi. Idona ya sha agogo da zoben caji har ya ƙoshi, ya manta tsakar gidanmu. Alhaji da ko rubutu ba ya yi a waya, kallo ɗaya ya yi. Ni kuma har na zauna ina tsara masa yadda ake yi a fanninmu.

Na kira Umma bayan la'asar, ban san me zan ce ba. Na tambaye ta ƙafa, ta tambaye ni Ummi. Can na ce, "Umma, turmin nan yana nan kuwa?"

"Wane turmi?"

"Na tsakar gida. Babban."

"Ya tsage tun bara, na ba masu wanki suna zama a kai. Me ya tuno miki da shi? Ko daka za ki koma, an gaji da injin?"

Na ce a'a, tambaya kawai. Ta yi shiru kaɗan. Umma ba a yi mata ɓoyo. Ta ce, "Ki yi masa addu'a, shi ya fi." Sai ta shiga labarin bikin gidan Yaya da ankon da har yanzu ban biya ba.

Shinkafar ta kama, a hakan muka ci.

Abban Ummi ya dawo na ba shi labari, rabin farko kawai. Ya ce, "Duk wunin nan a kan layi ɗaya?" Ya fara jawo karin maganar nan ta babba da yaro da hawan rimi, na ce in ya ƙarasa ta shi zai wanke tukunyar. Bai ƙarasa ba. Rabi na biyu ban iya faɗa masa ba, ga shi nan na faɗa muku.

An kawo wuta takwas saura. Na ƙara ɗan ɗigo baƙi a gefen dama na zoben, daidai inda kore ke tashi, ba tare da an ce in yi ba. A can ma akwai koriyar fitila a bangon masallaci da ke nuna saitin farawa, Alhaji ya taɓa nuna mini a hoto. Na so in sa a rubuta wani abu a ƙarƙashin ɗigon, na rasa me, na bar shi haka. Na tura.

Amsa ta zo bayan isha'i, sakan tara. "Yauwa 'yata. Yanzu ya zama ɗawafi." Ban gama jin daɗi ba sai ga wani, wannan minti biyu da rabi. Wai tunda hannuna ya faɗa, a yi na Safa da Marwa ma. Shi ba zobe ba ne, layi ne miƙaƙƙe, tafiya bakwai a tsakaninsu, a fara daga Safa a ƙare a Marwa, kuma kada in manta zuwa ɗaya ne dawowa biyu, don akwai masu haɗa su su yi sha huɗu su dawo masa da kumburarrun ƙafafu. Maganar ƙarin kuɗi bai taɓo ba, ni ma ban iya tayarwa ba.

Ummi ta yi barci da wayata a hannu, zoben ya tsaya a huɗu. Mai ruwa ya ce gobe da sassafe.