Abin da duba wayoyin jirgi ya koya mini

Yawancin masu shiga aikin gyaran jirgin sama inji ne ke ɗauke musu hankali. Amma a aikin da nake yi, wayoyin lantarki sun fi komai cin haƙuri, saboda suna ɗaure dami-dami a bayan bango da ƙarƙashin daɓe, kuma ɓarnarsu ba ta fitowa fili.

Jirgi kullum cikin jijjiga yake. Da zarar maƙalar da ke riƙe damin waya ta saki, ko robar da ke bakin huda ta zame, sai wayar ta riƙa gugar ƙarfe a hankali har rigarta ta cinye. Ta sama za ka ga komai lafiya lau. Sai ka zura ɗan madubi ta ƙasa, ka haska tocila a karkace, sannan za ka ga wani ɗan wuri ya yi sumul yana ƙyalli, da baƙin gari a gefensa. Maigidana a wurin aiki ba ya sa hannu a takarda sai ya tambaya: "Malam, ka leƙa ƙasanta kuwa?"

Wannan tsanani yana da dalili. Ranar 17 ga Yuli, 1996, jirgin TWA 800, ƙirar Boeing 747, ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa daga New York, mutum 230 suka rasu. Masu bincike sun ce tankin mai na tsakiya ne ya fashe, kuma sun fi kyautata zaton haɗuwar waya ce ta tura wuta mai ƙarfi cikin wayoyin ma'aunin mai. A 1998 gobara ta tashi a saman ɗakin matuƙan jirgin Swissair 111, ya faɗa teku a gaɓar Kanada da mutum 229, aka kuma sami alamun tartsatsi a wasu wayoyinsa. Sai a 2007 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta kafa dokar da ta mai da wayoyi sashe mai zaman kansa da ake dubawa kamar sauran sassa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsufa kaɗai ba ya yin wannan ɓarna, hannun ma'aikata yana da kaso babba. Wani ya huda ƙarfe ya bar ɓarɓashi a cikin dami. Wani ya dafa waya don ya miƙe. Wani ya ja ɗauri har ya shiga naman wayar. A nan arewa kuma ga ƙurar hunturu, idan ta haɗu da man haidurolik da ya ɗiga sai ta zama dauɗa mai danƙo, ta rufe ainihin wurin da ya kamata ka gani. Shi ya sa nake rufe wayoyi kafin a kunna abin huda, kuma nake share wuri kafin in duba shi.

Idan matuƙi ya rubuta cewa makatsin wuta, wato maɓallin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, ya faɗi, ba na mayar da shi in ce an gama. Sai na bi layin daga farko har ƙarshe, ko da fasinjoji za su jira.