Na gyara lafazin Turancina amma muryar tawa ce

Abin da ya fi wahalar da ni a gyaran lafazin Turanci kunya ce, ta fi motsa harshen kansa wuya. In ka tashi a gari irin Zariya ka san yadda ake kallon wanda ya dawo hutu yana karya harshe, nan take za a ce iyayi ne ko feleƙe, in kuma ka je Kudu kana musanya p da f za ka ga ana murmushi ƙasa-ƙasa ana maimaita maganarka. To kai kana tsakiya, ka gyara a ce ka bar gida, ka ƙi gyarawa a ce ba ka iya ba.

Ni sai da na je bautar ƙasa a jihar Oyo na gane cewa maganar ta wuce dariya. Yaran da nake koyarwa da gaske ba sa fahimtar wasu kalmomina, in na ce "pool" su ji "fool", in na ce "vote" su ji "boat", darasi ya tsaya sai na rubuta a allo. Kuma fa na ci Turanci a WAEC lafiya lau, har da takardar lafazin nan, wadda a Najeriya a kan takarda ake amsa ta kana zaɓen A ko B ba tare da ka buɗe baki ba. Wallahi wannan tsarin yana cutar ɗalibai, mutum ya haddace alamomin sauti bai taɓa jin yadda suke fita daga baki ba.

Da farko kwaikwayo na shiga yi. In kunna labaran BBC in ɗauki mai karanta labarai guda ɗaya in riƙa bin sa jimla bayan jimla, har da yadda yake jan numfashi. Abin ya ɗan yi amfani amma duk lokacin da na yi magana haka a gaban mutane sai in ji kamar wani ne yake magana da bakina, hankalina yana kan sauti maimakon abin da nake son faɗa, in gaji kafin a gama hira. Sai na daina.

Wanda ya warware mini matsalar yayana ne, malamin Islamiyya. Da na kawo masa kukana a waya sai ya ce, "Kai kuwa, lokacin da nake koya maka tajwidi ina sa ka fito da harshe tsakanin haƙora a kan ث da ذ, ka zama Balarabe ne?" Gaskiya ya faɗa. Mun sha zama gaban malam muna koyon mafitar haruffa, muna raba sin da sa mai ɗigo uku, kuma ba wanda ya taɓa cewa muna iyayi, yabo ma ake yi. Sautukan ث da ذ kuwa su ne dai na farkon "think" da "this" da muke mayarwa s da z. Ashe tun ina yaro suna bakina, a Turanci ne kawai ban taɓa amfani da su ba.

Daga nan na bar bin muryar mutum na koma kan inda harshe da leɓe suke zama. F ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take tsakanin p da f na Turanci, a Sakkwato da Katsina da Nijar ma sau da yawa h ko hw take zama, ka ji ana cewa tahi. F ta Turanci kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa iska tana ta fita. P kuma ka rufe leɓɓa gam sannan ka sake su da ƙarfi, in ka riƙe 'yar takarda a gaban baki za ka ga ta motsa. V ita ce f ɗin nan amma maƙogwaro na rawa. Shi ke nan fa. Na riƙa tsayawa gaban madubi bayan sallar asuba ina jera "pan, fan, ban, van", sannan in tura wa kaina saƙon murya a WhatsApp in saurara da yamma, domin lokacin da kake magana kunnenka yana nuna maka son kai, sai ka ji a waya kake gane abin da ya fito.

Sai matsalar cusa wasali. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muke da burodi da direba, kuma a Hausa daidai suke ɗari bisa ɗari. A Turanci ne wasalin yake ɓata kalma, "school" ta koma sukul. Wannan na gyara shi ta hanyar jan s ɗin da tsawo kafin in faɗa kan sauran kalmar. Akwai kuma inda Hausa ta ba mu riba, tunda muna da wasali gajere da dogo, raba "ship" da "sheep" bai ba ni wahala ba kamar yadda yake ba wasu abokaina na Kudu.

Daga baya na ci karo da binciken wata masaniya 'yar Ingila, Jennifer Jenkins, wanda ta fitar a 2000 a kan Turancin da ake yi tsakanin mutanen da ba harshen uwarsu ba ne. Ta nuna cewa yawancin baƙaƙe da tsawon wasali suna da muhimmanci wajen fahimtar juna, amma sautin th ɗin nan ko ba ka yi shi irin na Bature ba za a gane ka. Haka ma a IELTS, jarrabawar auna ƙwarewar Turanci ta ƙasa da ƙasa, abin da ake aunawa a lafazi shi ne ko ana gane maganarka ba wahala. Wannan ya kwantar mini da hankali sosai, na san me zan gyara da me zan bari.

Na bar r ɗina yadda take, mai kaɗawa. Na bar saurin maganata a tsanake irin tamu. Ka je YouTube ka saurari jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, ko Maitama Sule Ɗanmasanin Kano, kowace kalma fes take fita, kuma kana ji ka san ɗan Arewa ne yake magana cikin natsuwa. Su na sa a gaba, saboda in na bi sawunsu ba na jin ina ɓoye inda na fito.

Abokaina na gida sun ɗan yi tsiya da farko, amma da suka ga Hausata ba ta canza ba kuma ba na cusa Turanci a majalisa sai maganar ta mutu. Yanzu abin da nake fama da shi shi ne gaɓar da ake dannawa a cikin kalma, tunda mu karin sauti muka saba da shi na hawa da sauka, su kuma danna gaɓa ɗaya suke yi su sassauta sauran. Duk sabuwar kalma mai tsawo da na gani sai na buɗe ƙamus na intanet na saurare ta, in ja layi a ƙarƙashin gaɓar a ɗan littafina kafin in yarda in faɗe ta a wajen aiki.