Dogara Ga Allah Sa'ad da Kuɗi Suka Yi Ƙaranci

Duk wanda ya taɓa kwana yana lissafin bashi, da kuɗin haya, da na makarantar yara, ya san yadda damuwar kuɗi ke shiga zuciya ta hana barci, har addu'a ma ta yi wa baki nauyi. Ni a ganina, abin da ya sa kuɗi suka fi kowane gunki haɗari shi ne alkawarin da suke yi mana cewa idan muka tara su da yawa, gobe ba za ta ba mu tsoro ba. Shi ya sa Ubangiji Yesu, a Matiyu 6:24, ya ce ba mai iya bauta wa Allah da dukiya tare, sannan nan da nan ya shiga maganar damuwa game da ci da sha da sutura. Matalauci ma yana iya bauta wa kuɗin da ba shi da su, in dai su ne ke mulkin tunaninsa dare da rana.

Labarin da ya fi taimakona shi ne na manna, abincin da Allah ya riƙa saukarwa daga sama, a Fitowa sura 16. Shekara 40 Allah ya ciyar da Isra'ilawa a jeji, amma bai taɓa ba su abincin wata guda a lokaci ɗaya ba. Kowace safiya mutum yakan tattara na yini ɗaya kawai, sai a rana ta 6 ne ake tattara ninki biyu saboda Asabar, ranar hutu da ba a tattarawa. Waɗanda suka ƙi jin Musa suka ajiye ragowa, da gari ya waye sai suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Allah yana da ikon cika musu rumbuna, amma ya zaɓi su riƙa fitowa kullum suna duban hannunsa, domin su san Mai bayarwa fiye da abin da ake bayarwa. Wannan ne kuma Yesu ya sa a bakinmu cikin addu'ar da ya koya wa almajiransa, inda muke roƙon abincin yini.

Kada wani ya ɗauka wannan izini ne na lalaci. Karin Magana 6:6 ta aike da rago wurin tururuwa, Bulus kuma ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Aiki, tanadi da biyan bashi a kan kari duk hakki ne a kan mai bi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wa'azin da ke cewa duk mai bangaskiya ta gaskiya dole ya yi arziki, domin yana ɗora wa mabukaci laifi a kan wahalarsa. Bulus yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya san ƙoshi, ya san yunwa, ya kuma koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Koyo ya yi, wato abu ne da ya ɗauki lokaci da hawaye. Alkawarin nan da muke yawan ambata, cewa Allah zai biya dukan bukatunmu bisa ga yalwar ɗaukakarsa cikin Almasihu Yesu, Bulus ya yi shi ne ga ikilisiyar Filibi da ta aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditus. Ikilisiyoyin Makidoniya kuwa, yankin da Filibi take, kamar yadda ya shaida a 2 Korantiyawa 8, suna cikin matsanancin talauci, duk da haka suka roƙe shi da naciya a bar su su ma su taimaki 'yan'uwa mabukata.